Hantar wake-wake

Laraba. Ruwan jiya bai tsaya ba sai gab da asuba. Da na buɗe akurki na tarar da kazar nan tawa wake-wake a rakuɓe, fukafukai a sake, ido a lumshe. Kwana biyar ke nan ina zuba wa kajin maganin amfuroliyam a ruwan sha saboda kashin jini. 'Yan tsakin sun ɗan farfaɗo, ita kuwa kullum baya take yi. Inna ta ce, "Kira Yayanku ya yanka ta kafin ta zama mushe."

Wajen gyara ne gabana ya faɗi. 'Yan hanjin nan biyu na can ƙasa kusa da dubura sun kumbura sun yi kauri. Da na tsaga ɗaya, sai ga daskararren jini haɗe da wani abu mai tauri kamar busasshiyar awara. Hanta kuma, Allah sarki, duk ta yi tabo zagaye-zagaye, rawaya-rawaya, tsakiyar kowanne ya lotsa kamar an danna da ɗan yatsa. Na sa su a leda na tura ƙanena Wudil wurin malamin dabbobi.

Bayan la'asar malamin ya kira ni. Ya ce a ganinsa cuta biyu ce ta taru mata. Ta kashin jinin, Eimeria, bangon hanji take ci, kuma ƙwanta a cikin kashin kaji kwana ɗaya zuwa biyu kawai yake bukata a ƙasa mai danshi ya nuna. Ɗayar, Histomonas, daga hanjin take wucewa ta jini ta sauka a hanta. Cikin ƙwan wata tsutsar hanji take ɓoyewa, sai tanar ƙasa ta haɗiye ƙwan, kaza ta tsinci tanar. Maganin da nake ba su bai taɓa ta ko kaɗan. Ya kuma tambaye ni ko ina da talotalo, don su ta fi kashewa. Ina da biyu, kuma wuri ɗaya suke kwana da kajin tun bara.

Abin da ya tsaya min a rai, ni da hannuna nake tono musu tana a bayan rumbu, ina murna suna wawaso. Kazar nan ita ta ƙyanƙyashe min tsaki tara da na sayar na yi ɗinkin sallah.

Kafin magariba mun ɗauke akurkin zuwa tudu, mun kankare tsohon wurin, na shimfiɗa busasshen buntu. Talotalon na kai su zauren baya. Gobe zan aika a sayo maganin tsutsa. Ragowar kayan cikin Inna ta ce a binne da zurfi kada sauran su tono. Saura kaji goma sha ɗaya, kuma zakaran bai ci dusarsa ba da yamman nan.