Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Garin da Abincinsa Ke Sararin Sama

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bibiya. Makon jiya mun tsaya a inda takardar zama ta dindindin ta iso hannuna, na yi sallama da wankin kwanuka a gidan abinci. Yau sai labarin yadda na shiga sana'ar mutanen Wichita, domin a wannan gari na jihar Kansas, in ba kai ne ke ƙera jirgin sama ba, to maƙwabcinka ne ko surukinka.

Takardar nan ita ce mabuɗi. Masana'antun kayan jirgi da yawa suna yi wa sojojin Amurka aiki, doka kuwa ta hana nuna wa baƙo zanen irin waɗannan kaya sai in yana da izinin zama na dindindin. Wanda ya yi mini hanya wani dattijo ne Bahaushen zangon Kumasi da muke haɗuwa a masallacin Juma'a. Ya ja ni gefe bayan sallah ya ce, "Ɗana, ka je ka koyi karanta zane da awon ƙarfe. Garin nan ba ya tambayar ɗan wa kake, hannunka yake dubawa." Na ce, "To Baba, Allah ya saka da alheri." Na yi kwas na 'yan watanni, na samu aiki a wata ƙaramar masana'anta da ke yanka ƙananan sassa na alminiyam.

Aikina awo ne. A miƙo mini abu kamar tafin hannu, mai ramuka jere, in auna kowane rami. In ya kauce da abin da bai kai kaurin gashi ba, sai in manna masa jar takarda a ajiye shi gefe. Wata rana ina hanyar gida jirgin ƙasa ya tsare mu a mararraba. Sai ga gangar jikin jiragen Boeing 737, koraye, babu fukafuki babu bindi, kowanne a kwance kan tarago, an nufi garin Renton na jihar Washington da su inda ake ƙarasa haɗawa. Sauran direbobi ko kallo ba su yi ba. Ni kuwa na sauke gilashi ina ta ƙirga tagogi.

Baba ne ya fara ba ni tarihin garin, sauran na tsinta a gidan tarihi da bakin abokan aiki. Sunan na wata ƙabila ce ta 'yan asalin ƙasar da ta zauna a inda ƙaramin kogin Arkansas ya haɗu da babban. A wurin ne aka kafa dogon mutum-mutumin ƙarfe da Blackbear Bosin ya ƙera a 1974, yana ɗaga hannuwa sama. Garin ya samu rajista a 1870, kuma da shanu ya fara arziki. Makiyaya kan koro garke tun daga Texas ta hanyar da ake kira da sunan wani ɗan kasuwa Jesse Chisholm, burtali ne dai irin namu sai dai tsawonsa ɗaruruwan mil ne. Da layin dogo ya iso a 1872, nan ake loda shanun zuwa gabas. Ba a daɗe ba cinikin ya koma yamma, Dodge City ta karɓe. Sai alkama ta riƙe garin, sannan aka haƙo mai a El Dorado, nan kusa, a 1915.

Kuɗin man nan ne ya haifi jirage. Attajiran da suka samu abin hannu suka zuba wa matasa masu haukar tashi sama, ga fili shimfiɗe ba tudu ba dutse. Clyde Cessna ya kafa kamfaninsa a 1927, Walter Beech da matarsa Olive Ann suka kafa nasu a 1932, kuma bayan rasuwar mijin ita ta ci gaba da jan ragamar kamfanin shekara da shekaru. Masana'antar Lloyd Stearman ta koma hannun Boeing, wadda a Yaƙin Duniya na Biyu ta ƙera jiragen yaƙi samfurin B-29 fiye da 1,600 a nan. Mutane suka kwararo daga ƙauyukan Kansas da Oklahoma, mata suka cika masana'antu. Gidan abincin Pizza Hut ma a nan wasu 'yan'uwa biyu suka buɗe shi a 1958, kamfanin Koch kuma nan ce hedikwatarsa, amma waɗannan ba su ne bugun zuciyar garin ba.

Abin da ba a faɗa wa baƙo shi ne, garin da ya dogara da sana'a ɗaya, tare yake ƙoshi tare yake yunwa. Boeing ta sayar da sashenta na jiragen fasinja da ke Wichita a 2005, ya zama Spirit AeroSystems, ta kuma kwashe sauran kayanta a 2014. Bayan haɗurra biyu na jirgin Boeing 737 MAX, ɗaya a Indonesiya ɗaya a Habasha, aka dakatar da jirgin a duniya, a Janairun 2020 Spirit, mai ƙera gangar jikinsa, ta sanar da sallamar ma'aikata kusan 2,800. Mu ƙananan masana'antu da ke bayanta, oda ta tsaya cak. Korona ta biyo baya. Ranar da aka kira mu ɗaki aka miƙa mana ambulan, wani Bature da ya kusa ritaya ya dafa kafaɗata ya ce wannan ba shi ne karonsa na farko ba, kada in sayar da akwatin kayan awona. Na kira Baba a mota. Ya ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, ka je ka cike takardar tallafin marasa aiki tun yau. Haƙƙinka ne, ba bara ba ce."

Zaman gidan nan ne ya sa na fara kallon zaman majalisar gari ta intanet, ranar Talata. Tsarinsu ya ba ni mamaki. Akwai magajin gari da kansiloli shida da ake zaɓa, amma mai gudanar da aikin yau da kullum manaja ne da majalisa ke ɗauka haya, in bai yi ba ta sallame shi. Kowa na iya rubuta sunansa ya tashi ya yi magana. Na ga tsohuwa ta tsaya tana yi wa kansiloli faɗa a kan kuɗin ruwa, suna sauraro ba mai katse ta. Ruwan kuwa abin faɗa ne, don daga tafkin Cheney da rijiyoyin ƙarƙashin ƙasa na Equus Beds garin mai mutum kusan 400,000 yake sha, fari kuma ba baƙo ba ne a wannan yanki.

Kada dai in zuzuta su da yawa. Masu fita zaɓen gari kaɗan ne, kuma har yau in ka shiga arewa maso gabashin birnin za ka gane inda aka killace baƙaƙen fata a da. A watan Yulin 1958 matasansu suka riƙa zama a kujerun kantin Dockum, inda ba a sayar wa baƙar fata abin sha ya zauna ya sha. Kullum su zo cikin tsafta su zauna shiru, har kusan mako uku, sai mai kantin ya sallama saboda asara ta ishe shi. Wannan ya riga shahararren zama irinsa da ɗalibai baƙar fata suka yi a garin Greensboro a 1960, amma 'yan Amurka da yawa ba su san da shi ba.

Ana cikin wannan hali ne uwargida ta bugo daga Katsina ta ce an ba ta ranar ganawa a ofishin jakadanci, ni kuwa ga shi ba albashin da zan nuna a takardar ɗaukar nauyi. Yadda muka yi da wannan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.