Abin da Jinin Dare Bai Nuna Mini Ba

A lokacin da nake koyon aiki a ɗakin gwaje-gwaje, mukan ɗebi jinin masu cutar tundurmi bayan ƙarfe goma na dare, domin a wannan lokaci ne 'ya'yan tsutsar da ke haddasa cutar ke fitowa cikin jini suna jiran sauro ya ɗauke su ya kai wa wani. Akwai wani magidanci da na duba jininsa watanni kaɗan bayan ya sha magungunan tsutsa, Mectizan da albendazol, ban ga ko ɗa guda yana motsi ba, sai na rubuta cewa ya warke. Malaminmu ya soke kalmar da jan biro, ya tambaye ni: “To, iyayen fa, ka gan su?”

Ban gan su ba, kuma ba zan taɓa ganinsu a jini ba. Manyan tsutsotsin suna zaune ne a magudanan ruwan jiki, a maza galibi cikin maraina, inda sukan yi shekara 6 zuwa 8 suna haihuwa. Sai da na'urar sikanin ake hango su suna murɗawa ba hutu, abin da likitoci a Barazil suka bayyana a 1994 aka laƙaba masa rawar tsutsa. Idan rawar ta tsaya bayan magani, nan ne ake cewa babbar ta mutu.

Da wannan ma'auni magungunan suka bambanta ƙwarai. Mectizan yana share 'ya'yan, amma kusan ba ya taɓa iyayen. Wani magani mai suna DEC yana kashe wasu manyan ya bar wasu, ga shi ba a raba shi inda makantar kogi (wata cutar tsutsa daban) take, kamar sassa da yawa na Nijeriya, saboda mummunar illar da yake jawo wa masu ita. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne doksisaikilin, wanda ba maganin tsutsa ba ne ma: yana kashe bakteriyar Wolbachia da tsutsar ba ta iya rayuwa sai da ita, sai ta daina haihuwa, ta mutu sannu a hankali. Gwaje-gwajen Tanzaniya da Gana sun tabbatar da haka. Sai dai shan ƙwaya kullum har mako 4 zuwa 6, ban da masu ciki da ƙananan yara, ba abu ne da za a yi wa gari guda ba.

Daga nan na fahimci dalilin maimaita rabon magani duk shekara har aƙalla shekara 5, kamar yadda aka yi a Filato da Nasarawa: ana hana sauro samun abin ɗauka ne har iyayen su tsufa su mutu. Na koma na gyara takardar magidancin, na rubuta cewa ba a ga 'ya'yan tsutsa ba a wannan dare, kuma a sake duba shi baɗi.