Mun shirya maigida, muka manta da uwargida

A 2022 kamfaninmu na kayan noma da ke Kano ya buɗe reshe a Akra, aka ɗora mini alhakin kai akantanmu can da iyalinsa: matarsa da yara uku. Shekarata tara ke nan a sashen kula da ma'aikata, don haka na ɗauka aikin takarda ne. Na nema masa izinin aiki, aka yi wa kowa allurar shawara aka karɓo katin nan mai ruwan ɗorawa, na kama musu gida a East Legon, unguwar masu hali, ga katanga ga maigadi. Mai gidan ya ce sai kuɗin shekara biyu a dunƙule, duk da dokar Ghana wata shida ta yarda a karɓa. Muka biya, na dawo Kano ina jin na fita kunya.

Wata biyar matar ta yi, ta kwaso yara ta dawo gidan iyayenta a Gwammaja. Bayan wata biyu shi ma ya rubuto yana roƙon a dawo da shi.

Na je har gida na same ta. Ba ta yi mini ƙorafi ba, labari kawai ta ba ni. Maigida ya fita tun asuba saboda cunkoson motoci, sai bayan isha ya shigo. Ita kuwa tana cikin katanga, ba maƙwabciyar da za ta leƙo, ba sallama, ko kiran salla ba ta ji sai ta duba waya. Ta ce, "Yaya, a Kano ban taɓa yin yini guda ba a shigo mini ba. Can kuwa sai na ƙirga kwana goma sha ɗaya ba wanda na yi magana da shi sai yara." Sai a lokacin na tuna cewa duk zaman shirin da muka yi, da mijin muka yi shi. Ban taɓa kiran ta ko sau ɗaya ba, kuma ni mace ce, babu abin da zai hana ni.

Da za a tura ma'aikaci na biyu, sai na fara da matarsa. Na zauna a ɗakinta muka yi hira kamar ta biki: me take sana'antawa, wa take jinya, yaran ajinsu nawa, wa zai riƙa duba surukarta. A nan na gano tana da ciki wata uku, abin da mijin bai ga dalilin faɗa wa ofis ba. Na kuma gano ba su da takardar aure, an dai ɗaura a masallaci shekara goma sha biyu da suka wuce, alhali hukumar shige da fice za ta nema kafin ta ba ta izinin zama. Yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 kawai ta ba mutum ya shiga ba biza. Zaman aiki da iyali wani lissafi ne daban. Muka gyara wannan tun a Kano.

Gida kuwa na kama shi kusa da Nima, ƙarami, bai kai rabin kuɗin na farko ba. Shugabanni sun yamutsa fuska, wai bai dace da darajar kamfani ba. Amma a nan ake kiran salla ta ko'ina, a nan ake sayar da koko da ƙosai da safe, ga waakye, wato shinkafa da wake irin na Ghana, wanda sunansa ma daga wake ya fito, ga makarantar allo a lungu. Na haɗa ta da wata dattijuwa 'yar Zango da ta karɓe ta kamar 'yarta, ta kai ta kasuwa, ta nuna mata asibitin da za ta yi awo. Mako na farko matar ta kira ni tana dariya, wai matan unguwa sai su ce "Hajiya ya zo," don Hausar Ghana ba ta cika rarrabe mace da namiji ba.

Duk da haka na yi wani kuskuren. Na bar albashinsa a naira. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 a 'yan kwanaki, kuɗin makarantar yara kuwa da sidi, kuɗin Ghana, ake biya. Sai da muka yi wata uku ana kai ruwa rana kafin aka yarda a raba albashin: kaso ɗaya da sidi don zaman can, ɗaya da naira don mahaifiyarsa da ƙannensa a gida.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne tikitin mahaifiyar matar, da za ta je wankan jego. A takardar kamfani babu wani layi mai suna haka, manaja ya ce iyali na nufin mata da 'ya'ya. Na ce masa to ya zaɓa: tikiti ɗaya na tsohuwa, ko matar ta dawo Kano haihuwa ta yi wata huɗu, mijin yana can hankalinsa na nan. Ya sa hannu, amma a ƙarƙashin "sauran kashe-kashe". Tsohuwa ta yi kwana arba'in ɗinta cif, ta ƙara mako biyu, ta dawo mini da tsarabar shito, soyayyen yajin nan na Ghana, kwalba uku.