Ɗigon jini ɗaya a yatsan Yaya

Shekara huɗu kenan Yayana yana shan maganin ƙwaƙwalwa. Mu mutanen wani ƙauye ne a yankin Gumel, kuma duk wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan larura a ƙauye ya san wahalar, tun daga kuɗin mota har bakin mutane. Bayan an sha yawo wajen masu rubutu da masu turare sai Allah Ya sa muka kai shi asibiti, likita ya ɗora shi a kan wani magani olanzapine, kuma wallahi ya yi masa aiki. Ya dena surutu shi kaɗai, yana bacci, har ya koma gona.

To sai ya fara ƙiba. Mutumin da kamar iska za ta ɗauke shi sai ga shi riguna sun matse shi, ya ci tuwo kwano biyu ya ce a ƙaro, da dare kuma ya tashi neman fura. Inna murna take yi, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ta ce ku duba ɗana ya yi kumari. Mu ma haka muka ɗauka, a wajenmu ai ƙiba alamar samun sauƙi ce.

Bara da bazara ne abin ya sauya. Ruwa yake sha kamar raƙumi, randa ba ta kwana da ruwa, fitsari kuma a dare ɗaya sai ya fita sau biyar sau shida. Muka ce zafi ne. Da ya fara cewa idonsa na ganin hazo-hazo sai wasu suka ce ciwon ne zai tashi, wata gwaggonmu ma ta ce mutanen ɓoye ne suka dawo. Abin da ke min ciwo har yau shi ne, in mai taɓin hankali ya ce jikinsa ba daɗi ba wanda ke jin maganar a matsayin ciwon jiki, komai sai a jingina wa kansa.

Wata ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin garinmu ta cece mu. Na raka shi wankin wani ciwo a ƙafa da ya ƙi warkewa, ta dube shi ta ce, Malam wane magani kake sha? Na nuna mata kwalin. Sai ta buɗe jaka ta ɗauko wata 'yar na'ura da ba ta kai wayar hannu ba, ta goge masa yatsa da auduga, ta tsira ɗan tsinke, ta ɗiga jinin a kan wani siririn abu kamar na gwajin maleriya. Yaya ko motsi bai yi ba. Kafin in gama gyara zama lamba ta fito, 340. Ta ce min, ƙanina, ko mutum ya ci abinci in ya kai 200 ga kuma waɗannan alamun to ciwon suga ne, in bai ci komai ba tun dare kuwa 126 ne iyaka. Gobe-goben nan ku koma wa likitansa, kuma kar ku kuskura ku tsayar masa da magani da kanku.

Daga baya ne na fahimci cewa wannan ba sabon abu ba ne a wajen likitoci. Olanzapine da ɗan'uwansa clozapine an san su da sa ci da ƙiba da tayar da suga da kitsen jini, shi ya sa ake son a auna nauyi da hawan jini da suga tun kafin a fara, a sake bayan kamar wata uku, sannan duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu larurar ƙwaƙwalwa mai tsanani kan rasu shekara 10 zuwa 20 kafin sauran mutane, kuma yawanci ciwon jiki ne ke ɗaukarsu, irin su zuciya da suga.

Gaskiya an taɓa rubuta mana takardar gwaji tun a shekarar farko. Amma fa cewa aka yi mu dawo wata ranar da sassafe kar ya ci komai, a ɗebi jini a lab, mu sake dawowa karɓar sakamako. Zuwa uku kenan, kowanne kuɗin mota na mutum biyu, ga mutumin da maganin dare ke sa shi nauyin bacci, ga yunwa, ga shi yana tsoron a ɗebi jininsa a sirinji yana cewa sayarwa za a yi. Takardar tana nan cikin akwatin Inna har yau, ba mu yi ba.

Shi ya sa nake cewa a kawo gwajin har kan teburin da ake duba masu wannan larura. Akwai ƙananan na'urori yanzu masu auna HbA1c da jinin yatsa, wato matsakaicin suga na wata biyu zuwa uku da suka wuce, ba sai mutum ya yi azumi ba, cikin mintoci an gani, in ya kai 6.5 an san suga ne. Akwai na kitsen jini ma. Na san suna da tasu matsalar, zafin Jigawa na lalata tsinken gwajin in ba a adana shi ba, mai sikila ko ƙarancin jini kuma HbA1c ɗinsa kan iya ba da lambar da ba daidai ba, sai an tabbatar a lab. Duk da haka sun fi takardar da ke kwance a akwati. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye tsohuwar ta 1958, ina fata haƙƙin da take magana a kai ya haɗa har da wannan ɗigon jinin.

Yanzu likita ya ƙara masa maganin suga metformin, an rage masa lemon kwalba da sukari a koko, ciwon ƙafar ya rufe. Mun haɗa kuɗi mun sayi tamu na'urar, ni nake tsira masa duk Juma'a da safe kafin ya karya, in rubuta lambar a bayan katinsa na asibiti. Ta wannan satin 138 ce, Inna ta ce in gwada ta ita ma.