Abin da aikin alƙalancin darar ces ya koya mini game da gasar mata

Darasin farko da aka ba mu a kwas ɗin alƙalancin darar ces shi ne babu wani abu wai shi gasar maza. Akwai buɗaɗɗiyar gasa, wadda kowa ke shiga, sai kuma gasar mata da aka keɓe, wadda kambunta na duniya ya faro a 1927, shekarar da Vera Menchik ta fara lashe shi a Landan. Judit Polgar ta Hangari kuwa da ƙyar ta taɓa waiwayar ɓangaren mata. Da maza ta riƙa karawa har ta kai ta 8 a duniya a 2005.

To me ya sa aka keɓe? Ba don ƙarfin damtse ba, tunda ba dambe ake yi ba. Mata ne suka yi ƙaranci, kusan ɗaya cikin goma na 'yan wasan da ke da rajista. Sai aka ware musu kambu da kyauta don a jawo su. Muƙamin gwanin gwanaye na kowa da kowa yana buƙatar makin ƙwarewa 2500, na mata zalla 2300. A 2023 kuɗin kyautar gasar kambun duniya Yuro miliyan 2 ne, na mata Yuro 500,000. Kaɗan ne in an kwatanta, amma ga 'yar wasan da ke biyan mai horarwa da kuɗin jirgi daga aljihunta, abin rayuwa ne.

Nan ne maganar masu sauya jinsi ta shigo. A Agustan 2023 hukumar darar ces ta duniya, FIDE, ta ce wanda ya sauya daga namiji zuwa mace ba zai shiga gasanninta na mata ba sai ta yanke hukunci, binciken kuma yana iya cin shekara 2. Wadda ta koma namiji za a soke mata muƙaman mata. Buɗaɗɗiyar gasa dai ba a rufe wa kowa ba. Hukumomin Jamus da Faransa da Amurka suka ce ba su yarda ba, a gasanninsu na gida ba za su bi ba. Ka ga ke nan mutum ɗaya ya cancanta a nan, can kuma bai cancanta ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne aikin teburin rajista. Alƙali ba ya kallon fuska ko jin murya. Lambar ɗan wasa yake dubawa da abin da ke rubuce a kundin hukuma. Na ga wata uwa ta tsaya a kan teburinmu, takardar sakamako a hannu, tana tambaya cikin rawar murya ko an tantance jinsin yarinyar da ta doke 'yarta. Yarinyar nan ba ta sauya komai ba, gashi kawai ta aske. Da ka buɗe ƙofar zargi, 'yan matan da ake cewa ana karewa su ne na farkon shan kunya.

Ni dai ban ga hujjar cewa kwanyar namiji ta fi ta mace iya wasan ba, amma kuma ban raina damuwar matan da ke ganin ɗan gurbin nasu zai ƙara matsewa ba. Abin da ba na yarda da shi shi ne a bar maganar sai ranar raba kyauta. Yanzu kafin in karɓi aikin kowace gasa sai na ga an rubuta a sanarwarta dokar wace hukuma za a bi, da wanda za a kai wa ƙorafi a asirce.