Takardar yuro 50 da yaran unguwarmu

A shekarun da nake karatu a Faransa, ina aikin sa kai a wata ƙaramar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta yara a gefen birnin Lyon. Ba ni ke horarwa ba. Nawa aikin rajista ne: karɓar kuɗin shekara, cike takardun lasisi, kiran iyaye idan an canja lokacin atisaye. A wannan tebur na ga yadda tallafin gwamnati ke isa hannun mutane, da kuma inda yake maƙalewa.

Korona ta yi wa ƙungiyoyi irin tamu mugun lahani. An kulle ƙasa daga 17 ga Maris 2020 har 11 ga Mayu, aka sake kullewa a ƙarshen Oktoba. A Janairun 2021 kuma aka sa dokar hana fita tun ƙarfe 6 na yamma, daidai lokacin da yara ke zuwa fili bayan makaranta. Cikin Maris hukumar ƙwallon ƙasar ta soke gasannin ƙananan ƙungiyoyi na wannan kaka. Iyaye sun biya kuɗin shekara, 'ya'yansu ba su buga komai ba, ransu kuwa ya ɓaci, kuma da gaskiyarsu.

A Mayun 2021 Shugaba Macron ya sanar da shirin Pass'Sport. An ware yuro miliyan 100, a rage yuro 50 daga kuɗin rajistar wasanni na yara 'yan shekara 6 zuwa 17 da iyayensu ke karɓar tallafin komawa makaranta, har da yara masu buƙata ta musamman. Waɗanda suka cancanta sun haura miliyan 5. A unguwarmu, inda kuɗin shekara ya wuce yuro 100 kuma gida ɗaya kan kawo yara uku, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na yi murna ƙwarai.

Sai Satumba ta zo, muka kafa tebur a bajekolin ƙungiyoyi da ake yi farkon shekarar karatu, layi bai yi tsawon da muka zata ba. An aika wa iyaye wasiƙa tun Agusta, amma da yawa ba su gane mece ce ba. Wata baiwar Allah 'yar Gini ta zazzage mini jakar leda cike da takardu, na wuta, na haya, na asibiti, muka bi su ɗaya bayan ɗaya har muka tsinto ta a ninke, ba a ko buɗe ambulan ba. Ta ce duk takardar da ta zo da tambarin gwamnati gabanta faɗuwa yake yi, don ta saba bashi ake bi. Na karanta mata, na ce, “Mama, wannan ba su ke binki ba, ragi ne suka yi wa yaronki.” Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko ƙanensa ma zai samu.

Daga ranar muka canja salo. Muka ɗauko rajistar 2019, muka raba lambobin waya tsakaninmu, kowa ya kira waɗanda yake jin harshensu. Abin da na fahimta a waɗannan kiraye-kiraye shi ne kuɗi ba shi kaɗai ya hana yara dawowa ba. Sabo ne ya yanke. Yaron da ya yi shekara da rabi a ɗaki da waya a hannu, jikinsa ya yi nauyi, abokansa sun watse, kunyar fitowa yake ji. Irin wannan sai kocinsa ya kira shi da kansa ya ce, “Muna jiranka ranar Laraba.” Yuro 50 na sauƙaƙa wa uba sa hannu, amma wannan kiran ne ke fito da yaro daga ɗaki. 'Yan mata masu shekara 13 zuwa 15 su suka fi ba mu wahala, kuma har na bar ƙungiyar ba su dawo kamar da ba. Wannan yana damuna har yau.

Akwai kuma nauyin da aka ɗora wa ƙungiyoyi ba tare da an faɗa da ƙarfi ba. Mu ne ke rage kuɗin nan take, sannan mu shigar da sunan kowane yaro a Le Compte Asso, shafin intanet na gwamnati don ƙungiyoyi, mu jira gwamnati ta mayar mana. Ma'ajinmu dattijo ne ɗan fansho, da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta, asusun ƙungiya kuwa ba shi da kauri, ga riguna da ƙwallaye ana jiran a biya. Daga ƙarshen Satumba kuma aka wajabta wa 'yan shekara 12 zuwa 17 nuna shaidar rigakafi ko ta gwaji, mu ne a bakin ƙofa muna dubawa. Duk wanda ya tsara tallafi irin wannan, ya kamata ya tuna cewa 'yan sa kai ne za su ɗauke shi, kuma su ma annobar ta rage su.

Wani ƙaramin gyara da ba a yi masa ganga ba ya taimake mu sosai. A Mayun 2021 aka janye wajabcin kawo takardar likita ga ƙananan yara a yawancin wasanni, aka maye gurbinta da tambayoyin lafiya da iyaye ke cikewa tare da yaron. Kafin nan nakan ga rajista ta kwana makonni don an kasa samun ganin likita.

A kakar farko yara wajen miliyan 1 ne suka amfana a faɗin ƙasar, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda suka cancanta. Ban ɗauki wannan a matsayin gazawa ba, don na san fuskokin wasu daga cikinsu. Gwamnati ta ci gaba da shirin a 2022, ta ƙara da ɗaliban jami'a masu karɓar tallafin karatu, mu kuma a shekarar tun Agusta muka fara kiran iyaye, kafin saƙon ya iso.