Abin da na kwaso daga aikin ɗaukar hoton tsirrai a Sakkwato

Na ajiye aikin nan a watan jiya, kuma tunda waɗanda za su gaje mu sun fara kirana suna tambayar yadda ake yi, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Duk wanda ya yi aiki da mu ya san tsarin: a fita ƙauyukan Wamakko, Kware, Wurno har gefen madatsar Goronyo, a ɗauki hoton itatuwa da ciyayi, a ɗora a iNaturalist, wani shafin intanet na tattara hotunan halittu, domin masana tsirrai na ko'ina su faɗi sunansu na kimiyya. Idan mutum biyu ko fiye suka sa suna, kuma sama da kashi biyu cikin uku suka yarda da suna ɗaya, bayanin ya kai matakin da masu bincike ke amfani da shi, har ya wuce GBIF, wato rumbun bayanan halittu na duniya. Wannan matakin shi masu ba da kuɗi suke so. Shi kuwa ogan namu, adadi yake so.

Mutumin nan ya ɗauki hoto tamkar buhun albasa a kasuwa, a ƙirga a rubuta. Kowace yamma tambayarsa ɗaya ce: “Nawa kuka ɗauko?” Bai taɓa tambayar ko nawa aka gane ba. Yana son a tsaya daga nesa a ɗauki itace gaba ɗaya, da sararin sama a bayansa, domin shi ke yin kyau a rahoto. To masanin da ke zaune a Ibadan ko Faransa me zai yi da inuwar itace? Magarya da kurna daga nesa kusan abu ɗaya ne, duk ƙaya ce da ƙananan ganye. Sai ka juya ganyen: bayan na magarya fari ne mai laushin gashi, na kurna kuwa kore ne kusan sumul. Hoto ɗaya na bayan ganye ya raba gardamar. Haka tafasa da rai-ɗore, duk furensu rawaya ne, amma ganyen tafasa tagwaye uku ne masu zagayayyen baki, na rai-ɗore sun fi yawa kuma bakinsu da tsini. Ita kanta tafasar iri biyu ce a wurin masana, kuma abin da suke dubawa ɗan ƙullutu ne a tsakanin ganyen ƙasa, wanda sai ka kusantar da waya sosai zai fito. Irin wannan aiki yana cin minti goma a tsiro ɗaya. A lissafin oga, minti goma hoto ashirin ne aka yi asara.

Na gaya masa, ba sau ɗaya ba. Na ce, “Yallaɓai, waɗannan ba za a gane su ba.” Ya ce shi ya karanta fannin, ni diploma gare ni.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne umarnin da ya bayar cewa kowa ya tura masa hotuna ta WhatsApp, shi zai ɗora da asusunsa. WhatsApp yana matse hoto, kuma yana goge bayanan da waya ke liƙa masa a ɓoye, wato wuri da rana da sa'a, sai dai in an tura shi a matsayin fayil. Na nuna masa haka a wayata. Ya ce fayil yana cin data. Sai ya zauna a ofis ya sa wa ɗaruruwan hotuna wuri guda, tsakiyar birnin Sakkwato, da ranar da ya ɗora su. Tsiron fadama da na jigawa duk suka koma unguwa ɗaya. Rana kuwa ba ado ba ce a wannan aiki. Gawo yana zubar da ganye da damina ya fitar da rani, saɓanin sauran itatuwa, don haka itacen da aka gani tsirara a watan Agusta a gonar gero ya riga ya faɗi rabin sunansa. Da aka canza ranar, wannan shaida ta tafi.

Kuma ya goge sunayen Hausa. A littafina ina rubuta abin da manoma da makiyaya suka kira kowane tsiro, da amfanin da suke yi da shi. Wani dattijo a gefen Wurno ya kama hannuna ya kai ni gindin bagaruwa, ya ce, “Ɗana, in ba ka ɗauki ɗiyanta ba, mi ka ɗauka? Da su majema ka jimar fata.” Gaskiyarsa. Da 'ya'yan bagaruwa ake jimar fatar jar akuyar Sakkwato, kuma da siffar 'ya'yan ne masana ke raba ire-irenta. Oga ya ce wannan surutun ƙauye ne, ba ya shiga bayanin kimiyya. Alhali J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a ƙasar nan zamanin Turawa, tun 1916 ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, a 1937 kuma ya fitar da na tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma, kuma har yau ana komawa gare su. Idan ka rubuta sabara ko aduwa ko anza a ƙarƙashin hoto, ka rage wa masani rabin tafiya, ko da suna ɗaya kan hau tsiro biyu wani lokaci.

Da sakamako ya fito, yawancin hotunan sun tsaya a “tsiro mai fure”, ba wanda ya iya matsar da su gaba. A taron da aka yi da masu ba da kuɗi, ina zaune a kujerar baya na ji ya ce yaran da ke fita daji ba su da horo. Ban ce komai ba. Waɗanda aka gane ɗin, kusan duk daga 'yan hotunan da na dage na tura a fayil ne, kuma sunansa ne a kansu.

Sauran darussan gajeru ne. Fita da sassafe, domin ranar Sakkwato daga hantsi tana wanke launin fure, ƙurar hunturu kuma tana dusashe komai. Ciyayi a Agusta da Satumba ake binsu, lokacin da suke fure; mu an tura mu a Maris saboda lokacin kuɗi suka sauka, muka yi ta ɗaukar busasshen kara. Ajiye biro kusa da ganye don a san girmansa. Ɗauki ɓawo, da ƙaya, da yadda ganye ya jeru a reshe, sannan ka ja baya ka ɗauki tsiron duka. Abin da hoto ba ya ɗauka, rubuta shi: wari, farin ruwa irin na tumfafiya, ƙasar yashi ce ko laka. Dogon yaro da aka shuka a bakin titi a nuna cewa shuka shi aka yi, asalinsa ma daga yankin Indiya yake. Tsiro ɗaya, bayani ɗaya, kada a haɗa uku wuri guda. Kada ka yi jayayya in ka ga an rubuta Vachellia maimakon Acacia a kan bagaruwa, an sauya sunan ne kuma taron masana na 2011 ya tabbatar.

Gaida maigari kafin ka fito da waya a gonar mutane. A halin tsaron da ake ciki, baƙo mai ɗaukar hoto a bayan gari abin tuhuma ne, kuma akwai yankunan gabashin jihar da ba tsiron da ya kai a je dominsa.

Sannan ka buɗe asusunka da sunanka tun ranar farko, ka riƙe asalin hotunanka a wurinka. Ni nawa suna nan, da wurarensu da ranakunsu, ina ɗora su a hankali, kuma ana gane su. Kwanan baya oga ya kira ni, murya a sanyaye, wai masu ba da kuɗi sun nemi asalin hotunan a gyara bayanai, ko zan taimaka. Na ce, “Yallaɓai, ai duk na tura maka ta WhatsApp kamar yadda ka ce.”